Idan jinin maijego ya ƙi tsayawa, a duba jinin kansa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa gare ka da abokan aikinka, ina neman ɗan fili a shafin wasiƙu domin in yi ƙari a kan bayanin da kuka buga kwanakin baya game da zubar jini bayan haihuwa. Marubucin ya yi ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Ya kawo dalilai uku da suka fi yawa, ya warware su dalla-dalla: mahaifa ta saki ta ƙi tsukewa, ko guntun mabiyiya ya maƙale a ciki, ko mace ta ƙaru ba a gano wurin an ɗinke ba. Da ya zo kan na huɗu, wato jinin kansa ya ƙi daskarewa, sai ya ba shi layi ɗaya ya wuce. To wannan layi ɗayan shi ne aikina, shi ya sa na kasa yin shiru.

Ni ma'aikaciyar ɗakin gwajin jini ce a asibiti. Ba na karɓar haihuwa, ba na rubuta wa kowa magani. Abin da ke isowa teburina kwalba ce mai shuɗin murfi da 'yar takarda da aka rubuta cikin sauri. Amma daga teburin nan ina hango abin da wanda ke tsaye a kan maijego ba ya gani, domin shi hankalinsa na kan mahaifa. Kuma da gaskiyarsa, tunda kusan kashi 70 cikin 100 na wannan zubar jini sakin mahaifa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mata kimanin miliyan 14 ne ke gamuwa da shi duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe mata a wurin haihuwa. Waɗanda matsalarsu ke cikin jinin kansa 'yan kaɗan ne a cikinsu. Sai dai su ne ake yi wa allura a kan allura, a wanke ciki, a sake wankewa, a shiga tiyata, jini bai tsaya ba, kowa ya rasa ta inda abin ya ɓullo.

Ba cutar gado nake nufi ba. Ina maganar macen da ta taso lafiya ƙalau, ta yi shekaru tana al'ada ba wata damuwa, wataƙila ma an taɓa cire mata haƙori jini ya tsaya a kan lokaci, sai ciki ko haihuwa ya zo ya birkita mata jini. Abin iri biyu ne.

Na farko shi ne mai zuwa da gudu tun mace na kan gadon haihuwa. Allah cikin ikonsa yana shirya jikin mai ciki tun kafin ranar. Akwai wani sinadari da hanta ke yi, fibirinojin, wanda ke rikiɗewa ya zama zare-zaren da ke riƙe gudan jini. A jikin wanda ba shi da ciki yakan kai giram 2 zuwa 4 a kowace lita, amma a watan haihuwa yana hawa zuwa 4 ko 6. Tanadi ne na ranar da mabiyiya za ta rabu da mahaifa ta bar jijiyoyi a buɗe. Wannan tanadin yana iya ƙarewa cikin ɗan lokaci idan mabiyiya ta ɓalle kafin ɗa ya fito, ko ɗa ya rasu a ciki ya daɗe, ko ruwan da ɗa ke kwance a ciki ya shiga jijiyar uwa, ko ƙwayoyin cuta suka shiga jini, ko hawan jinin masu ciki ya yi tsanani har ya taɓa hanta. Sai jini ya shiga daskarewa barkatai a ƙananan jijiyoyi ko'ina a jiki, ya cinye kayan aikinsa, a inda ake buƙatar gudan jinin kuma babu saura. Likitoci na kiran wannan DIC. Akwai kuma wanda ake jawowa garin ceto: mace ta zubar da jini da yawa, ana ta ɗura mata ruwa leda bayan leda, ɗan abin da ya rage na sinadaran ya tsinke, jikinta ya yi sanyi ƙalau, alhali sinadaran daskarewa ba sa aiki yadda ya kamata a jiki mai sanyi.

Alamunsa ba sa buƙatar na'ura. Jinin da ya zuba a kwano ya zauna tsararo, ba guda ko ɗaya. Gefen allurar ƙarin ruwa na tsattsafo da jini. Inda aka ɗinke yana naso. An shafa ciki an ji mahaifa ta yi tauri, amma jini bai fasa ba. Akwai gwajin da ke cikin littafin Hukumar Lafiya ta Duniya na ungozomomi da likitoci, wanda nake mamakin yadda aka yi watsi da shi. A ɗebi jini mililita 2 daga jijiya, a zuba a 'yar kwalbar gilashi busasshiya wadda ba a sa mata komai ba, a dunƙule ta a tafin hannu domin ta samu ɗumin jiki. Bayan minti 4 a karkata ta a hankali a ga ko ya fara kamawa, sai a riƙa karkatawa duk minti ɗaya. Jini mai lafiya zai kama har a kifa kwalbar bai zubo ba. Idan an yi minti 7 bai kama ba, ko ya kama sako-sako da an girgiza ya wargaje, to jinin nan ba ya daskarewa. Ko 'yar makarantar koyon aikin jinya za ta iya riƙe kwalbar tana kallon agogo yayin da manya ke aikinsu, kuma amsarta za ta riga tawa fitowa nesa ba kusa ba.

Ga wani tarko da ke cikin takardunmu na ɗakin gwaji. A gefen sakamakon fibirinojin ana buga ma'aunin mutumin da ba shi da ciki, 2 zuwa 4. Maijego ta zo da 2 da ɗoriya, mai karantawa ya ga ta faɗa cikin layi, ya ce lafiya lau. Ina lafiya, macen da ya kamata a same ta da 5 ta koma 2? Wani bincike da aka yi a Faransa aka buga a 2007 ya nuna cewa duk matan da fibirinojin ɗinsu ya sauka zuwa 2 ko ƙasa da haka tun farkon zubar jini, abin ya yi musu tsanani daga baya. Shi ya sa ake so a riƙe shi sama da 2 muddin jini na zuba. PT da aPTT, gwaje-gwaje biyun da aka fi nema a wurinmu domin auna lokacin da jini ke ɗauka kafin ya daskare, sukan makara, ba sa nuna komai sai an yi nisa.

Maganin wannan nau'in sananne ne, ba zan tsawaita ba. A kawar da abin da ya tayar da shi, a rufe mace ta yi ɗumi, a rage yawan ruwan leda, a mayar mata da abin da ta rasa: jini, da ruwan jini da ake kira filasma, da abin da ake tacewa daga filasma mai yawan fibirinojin, da ƙwayoyin filatilet masu toshe bakin rauni idan sun yi ƙasa. Inda ba a rarraba jini kashi-kashi, sabon jinin da aka ɗiba a ranar ya fi wanda ya yi makonni a firij amfani ga irin wannan mace. Sai allurar tiranezamik asid, mai hana gudan jini narkewa. An gwada ta a kan mata 20,060 a ƙasashe 21, aka buga sakamakon a mujallar The Lancet a 2017: idan an ba da ita cikin awa 3 da haihuwa, tana rage mutuwa ta dalilin zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku. Giram 1 ne a jijiya cikin minti 10, a maimaita idan jini bai tsaya ba bayan rabin awa. Bayan awa 3 amfanin ya tafi, don haka ba allurar da za a tsaya jiran sakamakona kafin a yi ta ba ce.

Nau'i na biyun ne ya sa na ɗauki alƙalami, ranka ya daɗe, domin shi laɓewa yake yi sai an sallami mace ta koma gida da jaririnta.

An taɓa kwantar da wata yarinya, haihuwarta ta fari, wajen mako shida da sauka. Ta haihu da kanta lafiya, sai jini ya dawo mata. An wanke mata ciki, ya lafa kwana biyu, ya dawo. An sake wankewa, ba a samu komai ba. An ƙara mata jini har ledojin gidan sun yi ƙasa. Daga ƙarshe aka yanke shawarar cire mahaifa domin a ceci ranta, aka aiko mini da jininta, irin gwajin da ake yi wa kowa kafin tiyata. Filatilet lafiya. PT lafiya. Fibirinojin ma lafiya. Amma aPTT, wanda kan tsaya tsakanin sakan 25 zuwa 35, ya ninka. A irin wannan, abin da ma'aikaci ke fara zargi shi ne kwalbar: ko ba a cika ta zuwa layi ba, ko an ɗebi jinin daga robar da aka wanke da hefarin, maganin hana jini daskarewa. Na tashi na je ɗakin da kaina domin in ɗebi wani. Da na ɗaga hannun rigarta, damtsenta ya kumbura ya yi tauri yana ƙyalli, daidai inda ake ɗaura na'urar awon hawan jini. Cinyarta ma haka, inda aka yi mata allura. A baƙar fata kwanciyar jini ba ta fitowa shuɗi ko ja yadda ake zana ta a littattafai, sai ka taɓa ka ji tauri da zafi. Wata ma'aikaciya ta ja ni gefe ta raɗa mini cewa suna zargin mijin ne ke dukanta. Shi kuwa bawan Allah yana zaune a baranda, ya ba da nasa jinin har ya galabaita.

Sabon jinin da na ɗiba daga jikinta ya ba da amsa iri ɗaya. Sai na yi gwajin gauraye, wanda ba ya buƙatar komai fiye da abin da kowane ɗakin gwaji mai yin aPTT yake da shi. Ana ɗibar filasmar mara lafiya, a haɗa ta rabi da rabi da filasmar masu lafiya, a sake aunawa. Idan wani sinadari ne ya yi mata ƙaranci, na masu lafiyar zai cike giɓin, lokaci ya dawo daidai. Idan kuwa akwai ɓarawo a cikin gidan, ko me ka kawo ka ajiye zai kwashe. Sirrin yana wurin haƙuri. Na auna nan take, na ga ya gyaru sosai, kuma a nan ne mutane da yawa ke rufe littafi. Dole a sa gaurayen a ruwan ɗumi mai digiri 37, a bar shi awa 2, domin abin da ke cikin jinin a hankali yake cin nasa. Da na sake aunawa bayan awa 2, lokacin ya koma inda ya fito. Ban aika takarda ba, waya na ɗauka na kira likitan na ce a dakata da tiyata.

Sunan cutar himofiliya, wato ciwon rashin daskarewar jini, amma ba irin ta gado da aka sani a jikin yara maza ba. Garkuwar jikin macen ce ke juyowa ta ƙera makami a kan sinadarin daskarewa na 8, ta lalata shi. Don haka duk wanda ya haddace cewa mace ba ta himofiliya, ba zai ma kawo ta a ransa ba. Zubar jinin ma ya bambanta: mai ta gado gaɓoɓinsa ne ke kumbura, ita kuwa wannan a ƙarƙashin fata take, da cikin tsoka, da fitsari, da dasashi, da haɓo, da jinin biƙi da ya ƙi ɗaukewa. Ba ta da yawa, gaskiya ne. Ƙididdigar Birtaniya ta nuna kimanin mutum ɗaya da rabi a cikin miliyan a shekara, mafi yawansu tsofaffi, a masu haihuwa kuma kimanin ɗaya cikin haihuwa 350,000. A wani kundin Turai mai suna EACH2 da ya tattara masu cutar 501, mata 42 ne tasu ta zo ta dalilin ciki. Ta fi zuwa a haihuwar fari, kuma ta fi bayyana tsakanin wata ɗaya zuwa huɗu bayan sauka, wani lokaci har kusan shekara.

Na san abin da wasu abokan aiki za su ce, don sun sha faɗa mini: cutar da likita zai iya gama aikinsa bai gan ta ba, me ya sa za a cika wa mutane kunne da ita? Amsata ita ce, ƙididdigar nan ta inda ake gwadawa ce. Wadda aka cire wa mahaifa ta ci gaba da zubar jini daga wurin ɗinki har rai ya yi halinsa, a takardarta zubar jini bayan haihuwa za a rubuta, ba wanda zai ƙirga ta. Sannan abin da nake nema bai taka kara ya karya ba: aPTT ɗaya da gauraye ɗaya kafin a ɗauki wuƙa. A wannan cutar, duk yankan da aka ƙara wata sabuwar ƙofa ce ta jini. Wankin ciki na biyu, allurar tsoka, sa roba a babbar jijiyar wuya, duk suna ƙara ta'azzara ta. Haka asfirin da dangoginsa na rage ciwo irin su ibufurofen da dikulofenak, waɗanda maijego ke sha ba tare da ta tambayi kowa ba.

Gauraye zargi yake kafawa, tabbaci sai an auna sinadari na 8 kansa an ga ya faɗi, sannan a auna ƙarfin abin da ke cin sa da gwajin Bethesda. Ana kuma tabbatar da cewa ba wani abu ne da ake kira lufus antikowagulan ba, wanda shi ma yana tsawaita aPTT amma ba ya sa zubar jini irin wannan. Waɗannan sai manyan cibiyoyi. Ƙaramin asibiti abin da zai yi shi ne ya tace filasmar da wuri, ya daskarar da ita, ya aika cikin ƙanƙara. Jinin da ya wuce awa 4 a kan tebur bai da amfani a wannan gwajin.

Magani hanya biyu ake bi lokaci guda, kuma aikin likitan jini ne. Ta farko tsayar da jinin. Filasma ba ta wadatarwa, domin ɗan sinadari na 8 da ke cikinta ana cinye shi da shigarsa. Shi ya sa ake amfani da magungunan da ke kewaye shi su kunna daskarewa ta wata hanya, irin su NovoSeven da FEIBA. Akwai kuma sinadari na 8 irin na alade da ake haɗawa a masana'anta, wanda Amurka ta amince da shi a 2014, da emisizumab da ake yi a ƙarƙashin fata, wanda Japan ta amince da shi don wannan cuta a 2022. Ba a ko'ina ake samun su ba, ba zan ɓoye ba. Amma hanya ta biyu tana hannun kusan kowane asibiti: a kwantar da garkuwar jikin da firedinisolon, miligiram 1 a kan kowane kilo na nauyin mace a kullum, har tsawon makonni, ana bibiya. Idan bai yi ba a ƙara ritukzimab. Saikulofosfamaid da ake ba tsofaffi ana kauce masa a mace mai shayarwa da ke son ƙarin haihuwa. Labari mai daɗi shi ne a wadda ta zo ta dalilin ciki, mafi yawan matan suna warkewa sarai, kuma ba kasafai take dawowa a ciki na gaba ba, ko da yake dole a riƙa auna jinin. Idan tun da cikin abin ya fara, yana iya ratsa mabiyiya ya shiga jinin jariri, don haka shi ma a duba shi. Yarinyar nan da na ba da labari an mayar da ita babban asibiti, ta yi jinya mai tsawo, ta fita da mahaifarta.

Ina da ƙorafi a kan mu ma'aikata, ɓangare biyun. Masu aiko da jini, don Allah ku riƙa rubuta abin da ke damun mace. Takardar da ba ta ce maijego ce, mako kaza da haihuwa, an wanke ciki jini bai tsaya ba, ta mayar da ni makauniya, lamba kawai zan buga in miƙa. Mu kuma na ɗakin gwaji, aPTT da ya tsawaita shi kaɗai a jikin mai zubar jini ba sakamakon da za a jefa cikin tire a jira masinja ba ne. A kira, ko da tsakar dare ne, ko da wanda za a tasa zai yi faɗa.

Ga 'yan uwa masu jinya kuma, ku ne kuke ganin jikinta lokacin da take canza kaya. Idan jini ya dawo da ƙarfi bayan ya ɗauke, ko wani wuri ya kumbura ya yi tauri ba ta bugu ba, ko fitsari ya yi ja, ko dasashi na jini, ko wurin allura ya ƙi daina tsattsafowa, ku faɗa wa likita dukkansu tare, kada ku ɗauka wannan daban wancan daban. Kuma ba rashin kunya ba ne miji ko uwa su tambaya cikin ladabi: likita, an gwada ko jininta yana daskarewa? Likitan kirki ba zai ji haushi ba.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne ku gayyato likitan jini a shafinku na lafiya ya yi wa ungozomomi da ma'aikatan ƙananan asibitoci bayanin gwajin kwalba na minti 7 da gwajin gauraye, da hoto in da hali, ya kuma faɗi yadda ake haɗa samfuri a aika babbar cibiya ba tare da ya lalace a hanya ba. In ana buƙatar wanda zai nuna yadda ake yi a kan tebur, a shirye nake.

Wassalam.

Taku,
Wata ma'aikaciyar ɗakin gwajin jini